Garin da Kawu Ya Zuba a 'Yar Rediyo

Ranar Talata bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, kafin magariba an kai Kawu makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Da gangan na ce wanda ba mu sani ba, domin tun da aka fara zaman makoki a gidansa na unguwar Limanti a Maiduguri na gane kowa da irin Kawun da ya sani.

Ta tagar ɗaki nake jiyo maza a waje suna faɗin abin da aka saba faɗa. Mai haƙuri ne, mai cika alkawari ne, kullum yana sahun gaba. Wani dattijo maƙwabcinsa har muryarsa na rawa yana cewa bai taɓa ganin mai son karatu irinsa ba, ko yaushe abu a kunne, leɓe na motsi. Na leƙa na ga Yaya, wato babban ɗan marigayin, ya sunkuyar da kai. Ya san ba karatu ba ne a kunnen nan, ni ma na sani.

A cikin gida kuma Inna ce ke karɓar gaisuwa, mahaifiyata, ƙanwar marigayin, tunda matarsa ta riga shi da shekaru. Sai ga matan garinsu suna shigowa, waɗanda rikici ya koro suke zaune a sansani. Kowacce ta durƙusa ta ce wushe, wato sannu da Kanuri, ya haƙuri, a shafa fatiha. Sai ta matso ta rage murya ta ce, “Ina 'yar rediyonsa?”

Ta farko Inna ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Da ta biyu ta tambaya sai ta ɓata rai ta ce, “Ikon Allah! Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba, har an fara rabon gado?” Da ta uku ta tambaya, ni Inna ta juyo ta zuba wa ido. Na yi kamar ina gyara mayafi. 'Yar rediyon tana cikin jakata, a mace, ko an danna ba ta kawo wuta.

Ba ma rediyo ba ce. Empitiri ce, irin 'yar ƙaramar nan da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, mai iyafis na sawa a kunne. Shi ne ya sa mata suna rediyo, kuma ba wanda ya isa ya gyara masa.

Mu a gida Rawa muke ce masa, haka ake kiran kawu da Kanuri. Ƙawayena Hausawa in suka ji na ce zan je gaida Rawa sai su fashe da dariya, su ce a gaida kiɗa ma. Wankin hula yake yi a bakin kasuwa. Ya wanke, ya sa sitati, ya kifa kowacce a kan gungumenta a rana, ya zauna yana kallonsu kamar mai kiwo. Ba ya karanta boko ko kaɗan. In ka kawo masa magana mai tsawo zai saurare ka har ƙarshe, sannan ya ce, “To, mun ji. Bari ta bushe tukuna.” Hula yake nufi ko maganar, oho.

Wani Ibo mai shagon kayan lantarki da ke maƙwabtaka da shi ya ba shi na'urar kyauta, ya nuna masa jan maɓallin da ke ɗaukar murya. A babbar sallar shekarar, kafin abubuwa su lalace, Kawu ya je garinsu can gaba da Khaddamari. Ya bi gari gida-gida yana gaisuwar salla, daga bakin hanya har rijiyar ƙarshe, ko'ina ya shiga sai ya ce a yi masa wani abu ya ɗauka. Mai ganga ya buga, mai algaita ya busa, tsofaffi suka yi waƙar niƙa da ta reno, masu kunya aka yi ta lallashi har suka rera baiti ɗaya suka ruga ɗaki. Kwana uku yana wannan aiki, ana yi masa dariya.

Ba a yi shekara biyu ba garin ya watse. Ba zan faɗi yadda aka yi ba, kowa a yankin nan namu yana da irin labarin a gidansu. Wasu sun iso Maiduguri a ƙafa, wasu an binne su, wasu har yau ba wanda zai ce maka ga inda suke.

Tun daga nan abin nan bai bar kunnensa ba. Tunda ba ya iya karanta abin da ke fuskarta, da ƙirge yake tafiya. Ya kunna, ya danna sau uku, gidan maƙeri ke nan. Sau bakwai, gidan ungozoma. Leɓen da maƙwabcinsa ya ga yana motsi, lissafin gidaje yake yi.

Na taɓa raka shi muka faɗa shingen bincike, lokacin da ake sa kowa ya sauko daga keke-napep ya ɗaga hannu. Wani jami'i ya ga waya ta fito daga aljihunsa, ya daka tsawa ya ce mene ne wannan. A lokacin abin da ke cikin wayarka kaɗai ya isa ya kai ka inda ba ka zata ba. Kawu kuwa fuskarsa ta washe, ya samu mai saurare. Ya miƙa masa iyafis ya ce, “Yawwa ɗana, saka ka ji. Wannan matar maƙeri ce, ba ta da murya amma ba a gaya mata. Bari in kai ka gidan gaba.” Sai da ya kai mutumin nan gida huɗu. Layi ya taru a bayanmu, jami'in ya cire abin daga kunne ya ce, “Baba, don Allah wuce.” Muna tafiya Kawu yana ƙorafi wai ba a bari ya ji mai algaita ba.

Ni aikina buga takardu ne a wani shago a unguwar Mairi, ɗalibai na kawo aikinsu ina buga musu a kwamfutata. Na ga yadda abu ke ɓacewa a irin waɗannan na'urori, yau yana nan gobe babu. Shi ya sa na dame shi. Duk zuwa sai na ce, “Rawa, ka ba ni rediyon nan in juye maka waƙoƙin a kwamfuta.”

Ashe da bakina na ɓata komai. Juye! Ya dube ni ya ce, “In kin juye tuwo a wani kwano, me ya rage a na farkon?”

Na ce ba haka ba ne, kwafa zan yi, kamar yadda almajiran malam ke kwafar rubutu daga allo, na malam yana nan, nasu yana nan.

Ya ce, “To me ya sa kika ce juye?”

Na ce haka kowa ke faɗa.

Ya ce, “Kowa ya juye nasa.”

Wallahi shekara guda muka yi a kan kalmar nan. Na canza na ce tura, ya ce abin da aka tura ai ya tafi. Na ce ajiye, ya ce ai a ajiye suke. Ni kuma ba haƙuri gare ni ba, na sha tashi in bar masa wurin ina ƙunƙuni, shi ko a jikinsa.

Abin da ya sa ya yarda, rediyon ce ta faɗa masa cikin ruwan sitati. Ya tsamo ta, ya shanya ta tare da huluna, ta tashi, amma ta koma sai ta ga dama take kamawa. Ranar wata Laraba da hantsi na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar shagonmu, ya naɗe ta a hankici. Ya ce, “Feronyi, 'yata, ga ta. Kwafa na ce, ban ce juye ba.”

Na haɗa ta da kwamfuta. Ga su nan, ba suna ko ɗaya, sai lambobi, a cikin jakunkuna daban-daban, don duk lokacin da batir ya mutu masa a can garin sai ta buɗe sabuwar jaka ta sake ƙirga daga ɗaya. Na zaɓe su duka. A daidai nan muka ji ƙara daga can cikin gari, irin wadda ke sa gilashin taga karkarwa. Masu shaguna suka fara jan ƙofa, mai shagonmu yana cewa a kashe inji, a kashe inji. Cikin sauri na danna, na zuba su wuri guda, na jira layin ya cika, na zare na miƙa masa.

Ba zan ɗora wa ƙarar nan laifi ba. Sau dubu nawa na yi wannan aiki? Akwai alamar kwafi, akwai alamar almakashi kusa da ita. Almakashi na danna.

Muna cikin shagon a rufe, ana jiran gari ya lafa, ya sa iyafis ya danna. Ya sake dannawa. Ya cire ya busa ramin, ya mayar. Sannan ya ɗago ya ce a hankali, “Babu kowa.”

Na ce, “Na'am?”

“Babu kowa a ciki. Kin juye.”

Kai, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na karɓe ta ina ta zuba, Rawa kwantar da hankalinka, suna nan, ga su a kwamfuta, yanzu-yanzu zan mayar. Na mayar kuwa, duka arba'in da ɗaya, ko guda bai ɓata ba. Na miƙa masa ina murmushin wadda ta gyara ɓarna.

Ya danna sau uku. Na ga goshinsa ya tattare. Ya koma farko ya sake ƙirgawa. Ya ce, “Me mai ganga yake yi a gidan maƙeri?” Ya danna bakwai. “Wannan ai ta bakin rijiya ce. Wa ya kawo ta nan?”

Sai a lokacin na gane. Da na tara su wuri guda, kwamfuta ta jera su yadda ta ga dama, masu lamba ɗaya na kowace jaka a tare, masu biyu a tare, haka kuma suka koma cikin rediyon. Muryoyin suna nan, amma ba wanda ke gidansa. Na yi ta bayani, ni kaina ban san me nake faɗa ba. Ya naɗe ta a hankici ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, “Su sun kore mu, amma sun bar gidajen a inda suke.” Ya fita tun ba a gama buɗe hanya ba.

Maganar nan ta ƙona ni. Na je gida na yi kuka, na kuma yi fushi, har na ce wa Inna ni da Limanti har abada, daga taimako sai a haɗa ni da masu kisan kai? Inna ta ce duk mu biyun ba mu da aikin yi, tsoho da jikoki ya zauna yana jin ganga, ni kuma ina taya shi. Wata guda ban taka gidansa ba. In na aika gaisuwa, sai a dawo a ce ya amsa.

Shi ya fara saukowa, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo Mairi da ƙullin dabino. Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da kwamfuta ya ce, “Wannan abin naki, yana iya rubuta sunan mutum a jikin muryarsa?”

Na ce yana iyawa.

Ya ce, “To kunna. Ni ma ba dawwama zan yi ba, gara a rubuta.”

Haka muka ɗauki kowace Juma'a. In kunna, ya saurara, ya faɗi mai muryar da gidan da yake, ni kuma in sa lamba in rubuta. Aikin da zan gama cikin awa ɗaya ya ci mana watanni, don ba ya faɗin suna sai da labari. Wannan ita ce ta taɓa bin mijinta da muciya har kasuwa. Wannan yana sansani, ya daina busa, haƙoransa sun zube. Wannan ba a gan shi ba. Wani lokaci ya rikice, ya ce a'a, gidan ungozoma kafin na mai unguwa yake, ki canza. In canza, mako mai zuwa ya ce wa ya ce in canza. Mu yi ta musu har mai shago ya ce mu rage murya, akwai kwastoma.

Akwai guda ɗaya da ya ƙi. Gajeriya ce, ba ta kai minti biyu ba. Namiji ne yake rera waƙa shi kaɗai, daga ɗan nesa, iska na kaɗa muryar, ana jin ƙarar guga, a tsakiya ya yi tari ya ci gaba. Duk sanda muka zo kanta sai ya ce, “Wuce wannan.” Na ce ka manta ne? Ya ce bai manta ba. Na ce to faɗi mana. Ya ce, “Bari ta bushe tukuna.” Muka gama arba'in, na mayar masa da su cikin rediyon ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsa, na sa wannan a ƙarshe ba suna. Ya danna uku, ya ji matar maƙeri, ya yi dariya har da buga gwiwa. Bayan mako biyar ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Rediyon ta riga shi mutuwa da kwana kaɗan, ya ba ni ita ya ce in gani ko za ta gyaru.

Ranar sadakar bakwai Yaya ya kira ni zaure. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya cika masa ciki. Ya ce, “Ƙanwata, na san suna wurinki. Ki goge. Kiɗa ne, kada ya zame wa Baba nauyi inda yake.”

Na ce, “Yaya, rabin mutanen nan sun mutu. Ba su da hoto, wasu ko kabari ba su da shi.”

Ya ce, “Su addu'a suke bukata, ba algaita ba.”

Ban san ko shi ke da gaskiya ba. Har yau ban sani ba. Na miƙa masa matacciyar rediyon na ce ga ta mahaifinka, ka yi yadda ka ga dama da ita. Kwamfuta kuwa tawa ce, da ita nake cin abinci. Ya karɓa ya daɗe yana juya ta a hannu, ya sa a aljihun gaba ya fita.

Da la'asar, mutane sun ragu, matan nan uku suka dawo tare. Tsohuwa ɗaya mai sanda, ɗaya mai goyo, ɗaya doguwa mara magana. Na kai su ƙuryar ɗaki na tura ƙofa, don gidan makoki ne, ba a kiɗa. Inna ta biyo mu ta zauna bakin gado, fuska a ɗaure, wai ta zo ta ga ƙarshen rashin hankali.

Na buɗe kwamfuta na ce su faɗi gidan da suke so, duk na rubuta. Tsohuwar ta ce ita ba ta san lamba ba, ta mai jan ruwa take so, wanda ya yi tari. Mai goyo ta juyo da sauri ta ce ita ma ita. Doguwar ta gyaɗa kai.

Na kunna can ƙasa-ƙasa. Guga ta yi ƙara, muryar ta taso. Kafin a kai tarin duk su ukun suna kuka.

Tsohuwar ta share ido ta ce, “Allah sarki, ɗana.”

Mai goyo ta ce, “Iya, ai mijina ne. Ji tarin mana.”

“Ni zan kasa gane tarin ɗan da na haifa?”

Doguwar ta buɗe baki karon farko ta ce, “Ƙanena ne. Duk wata nake zuwa rumfar marigayi ya sa mini a kunne.”

Kowacce tana kallon 'yar'uwarta, sannan duk suka juyo kaina, wai ni mai kwamfuta, ni zan raba gardama. Na ce bai faɗa mini ba. Na nuna musu wurin, ga na kowa da suna, wannan lamba ce kawai. Na ce, “Shi da bakinsa ya ce muku wane ne?”

Tsohuwar ta ce, “Ni na ce ɗana ne. Shi kuma ya ce in ƙara ji.” Mai goyo ta ce ita ma haka aka yi. Doguwar ta rufe fuska da mayafi.

To ni me zan ce? Ya san mai muryar ya ɓoye? Ko ɗaya daga cikinsu ce ke da gaskiya, ya kasa faɗa saboda sauran biyun? Ko wani baƙo ne ya tsaya shan ruwa a rijiya? Na ji haushinsa a lokacin, wallahi na ji, ya tafi ya bar ni da mata uku da tari ɗaya.

Ina da 'yan memori irin na sawa a waya a jaka, na aikin shago. Na ciro uku. Na kwafa a na farko, na duba da kyau abin da nake dannawa, na rubuta ɗan Iya. A na biyu na rubuta mijinta, a na uku ƙanenta. Ba wadda ta hana ni, ba wadda ta ce na wata ƙarya ne. Mai goyo ta sa nata a waya nan take. Tsohuwar ba ta da waya, ta ƙulle nata a bakin zani ta ce jikarta na da ita. Suka yi wa marigayi addu'a, suka yi mini, suka fita tare, doguwar na riƙe da hannun tsohuwar.

Na juyo zan rufe kwamfuta, Inna ta ce, “Sake kunnawa.”

Na dube ta. Matar da ta shekara tana ce mana marasa aikin yi. Na kunna. Ta karkata kai ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa.

Ta ce, “Akwai sauran abin nan da kika ba su?”

Na ce akwai guda.

“Sa mini. Ki rubuta yayana.”

Na ce, “Inna, ai shi ya riƙe rediyon yana ɗauka. Wannan muryar daga nesa take, ta yaya zai...”

Ta ce, “Tun ina goye nake jin tarin nan. Rubuta.”

Na rubuta.